Rijiya ta Bakwai

Ƙarfe huɗu na asuba a Oyster,
ƙauyen da ya ari sunansa wurin kawa
a bakin tekun Birjiniya.
Sanyi ya ci mini yatsu ta cikin safar roba.
Loretta na barci a mota,
ta bar ni da famfo da tocila
da rijiya ta bakwai.

Rijiya ce a suna kawai.
Bakinta bai fi na kofin shayi ba,
ba guga, ba igiya,
ba mai leƙawa ya ga fuskarsa.
Da Baba Barmo ya gan ta, da ya yi dariya har hula ta faɗi,
shi da ya gina sittin da uku
tsakanin Gumel da Maigatari,
yana sauka da dagi,
ya ɗanɗana ƙasa da harshe
ya ce, saura gaba biyu.

Yau kwana goma sha ɗaya
da muka zuba baƙi a rijiya ta ɗaya,
ƙananan halittun da dubunsu
ba sa cika tsinin allura.
Mun shafa musu rini mai ƙyalli
yadda ake yi wa tumaki shaida,
muka haɗa su da ruwan gishiri ɗan rakiya,
muka ce, ku je, mu haɗu a gaba.
Taku tara ne tsakani.
Da ƙafata na auna.

Taku tara, amma ta cikin yashi,
inda rana ba ta taɓa aika ko gaisuwa ba.
A can kowace ƙwayar yashi tsauni ce,
kowane tsakani lungu,
ruwa na tafiya kamar tsohuwar da ta dawo daga ta'aziyya.
Masu wutsiya na kaɗawa,
marasa ita sai inda aka kai su.
Wasu kan tarar da tsatsa a jikin tsakuwa
su manne, su ce nan ma gari ne,
su shaƙi ƙarfe yadda nake shaƙar iska,
su hayayyafa, su manta da mu.

Gishiri ya iso tun shekaranjiya, shi kaɗai.
Loretta ta ce ko lissafina ne ya karkace.
Na ce sannu ba ta hana zuwa.
Ta ce kuɗin bincike na hanawa,
ran Juma'a za a zo a kwashe injin.

Na cika kwalba ta ɗari biyu da shida.
Ruwa garau,
irin wanda Baba kan miƙa wa mai gari
ya ce, sha, babu komai a ciki.
Baba, akwai.
Shekara arba'in kana sauka garinsu
kana fitowa da laka a gemu,
ba ku taɓa gaisawa ba.

A kwantenar da muka mai da ɗakin gwaji
na tace ruwan, na sa ƙarƙashin madubi,
na kashe fitila.
Duhu. Na gusa gefe. Duhu.
Sai ga ɗigo kore,
can kuma wani, kamar maƙesu a fadama.
Sau uku na ƙirga.
Cikin miliyoyin da muka sallama,
goma sha huɗu.

Ban tayar da Loretta ba tukuna.
Na ɗan zauna da su.
Na so in tambaye su labarin hanya,
wa ya maƙale a ina,
wa ya ga wuri ya yi masa.
Ni ma ana yi mini irin tambayar a waya
duk Lahadi, in shiga zancen sanyi.

Dinya na wucewa bisa gonar waken suya,
gari ya fara yin fari.
Na rubuta lokaci, lambar kwalba, adadi.
A gefen shafi, da fensir,
inda ba mai dubawa,
na sa: sannunku da zuwa.

Na ɗauki kwalba ta ɗari biyu da bakwai
na koma waje.